Baba Bai Sallama Ba

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Baba, mai gidan da muka kama haya a Karmo, ya rasu a tsakiyar daminar nan, a asibiti can Gwagwalada. An kai shi Paikon Kore inda aka haife shi, aka rufe shi kusa da gonar doyar mahaifinsa. Zaman makoki kuwa a nan gidan aka yi, domin a nan mutane suka san shi.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. A ƙofar gida maza sun shimfiɗa tabarmi, liman yana jan addu'a. A tsakar gida matan cocin marigayiya matarsa sun jeru a kan benci suna waƙa da yarensu a hankali, in an ce a shafa fatiha sai su yi shiru har a gama. Mai doya ta bakin kasuwa, wadda suka yi shekara da shekaru suna faɗa a kan farashi, ita ta fi kowa kuka. Cewa take yi yanzu wa zai zo ya ɓata mata safiya. Abokan aikin maigidana, makanikai daga Apo, sun zo da baƙin mai a farcensu. Ɗaya daga cikinsu ya ba da labarin ranar da Baba ya tsaya a shagonsa yana taya tayar mota, har aka kusa daidaitawa, sannan ya ce shi ko keke ba shi da shi, so yake ya ji yadda kasuwa take. Maza suka yi dariya, sannan suka tuna inda suke, suka sunkuyar da kai.

Ni ina bakin murhu ina zuba wa baƙi abinci. Duk wadda ta zo karɓa sai ta yi mini gaisuwa biyu. Ta farko ta rashi. Ta biyu da ƙaramar murya: "Mun ji ya yarda ya sayar muku da gidan kafin ya cika. Kin yi sa'a, maman yara." Sai in ce Allah ya ji ƙansa, in ƙara mata miya don ta wuce.

'Yar Baba ce ta gaya wa kowa haka, wadda nake kira Anti. Ita kaɗai ta rage masa a cikin 'ya'yansa, kuma dangi sun ce maganar gidan tana hannunta. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta ji ta faɗa. Amma ni ina wurin da aka yi maganar, kuma na san Baba bai ce ya sallama ba. In na yi shiru, ɗakunan da 'ya'yana suke kwana sun zama namu a kan abin da muka taya. In na buɗe baki, akwai wani mai mota da yake jira ya saya ya rushe ya gina shaguna. Da wannan a raina na yi zaman makokin, har ban iya yi masa kuka yadda ya kamata ba. Shi ya sa nake rubuta wannan. Ban yi nisa a boko ba, a yi haƙuri da yadda zai fito. Ba na so a manta da shi, kuma ba na so a tuna da shi a kan maganar da bai yi ba.

Da cikin 'yata ta fari muka shigo gidan nan haya. Ɗaki biyu ne a gefen hagu, nasa ɗaya a dama, ga bishiyar mangwaro a tsakiya da tankin ruwa. Ranar da muka kawo kaya yana zaune a kan turmi da aka kife, yana feƙe doya. Ya dube ni ya ce da maigidana, "Matarka ya gaji. Ka ba shi kujera."

Haka Hausarsa take. Bai taɓa ce mini ke ba, kullum kai ne. "Kai maman yara, zo ka ga abu." Da farko nakan juya in ga ko da wani yake. Daga baya in wani ya kira ni da ke a gidan nan har baƙo nake jin sa. Amma kada ka kuskura ka ce masa Bagware. Zai ajiye abin da yake hannunsa ya ce, "Gbagyi. Faɗi." Sai ka faɗa, ka kasa, ka sake faɗa, sannan ya ƙyale ka. Ya yi wa liman haka a gaban jama'a.

Musulmi ne, matarsa kuma har ta rasu tana zuwa coci. Ya ce mini ran Lahadi shi yake raka ta bakin titi, ran Juma'a ita take goge masa riga. Bayan rasuwarta bai cire kalandar cocin da ta rataye a ɗakin ba, ko da yake shekarunta sun wuce da daɗewa. Carbinsa ma a kan ƙusar kalandar yake ratayewa.

Ba abin da yake so a duniya kamar ciniki. Ba don rowa ba, domin abin da ya rage a kasuwa yakan dawo ya saya wa yara rake da shi. Daɗin abin yake ji. Ni kuwa lokacin da na zo Abuja tsoron kowa nake yi. In mai kaya ya faɗi kuɗi sai in miƙa, in dawo gida in yi ta lissafi ina jin haushin kaina. Wata ranar kasuwa ya gan ni da ƙwaryar doya, ya tambaye ni nawa. Da na faɗa sai ya dafe kai.

"An yanka ka ba wuƙa. Sa hijabi, mu koma."

Ba mu mayar da doyar ba. Tsayawa ya yi da ni a gaban mai doya ya ce in kalla. Ya ɗauki guda ya juya ta, ya ajiye, ya ɗauki wata. Ya nuna inda fartanya ta sare ta. Ya taya abin da ni ko a mafarki ba zan iya faɗa ba. Matar ta ce, "Albarka." Sai ya juyo gare ni yana murna kamar an ba shi kyauta.

"Ka ji? Albarka ba zagi ba ne. Ya ce a'a, amma ya bar ƙofa a buɗe. In ya ce na sallama, shi ke nan, ciniki ya faɗa. In bai ce ba, ba a gama ba."

Na san wannan tun ina yarinya, wace Bahaushiya ce ba ta sani ba? Abin da ban sani ba shi ne sauran. Kada ka nuna kana so. Ka nemo aibin kaya ka faɗa da ladabi. Ka duba mai kaya fiye da yadda kake duban kayan, ka ga ko yana sauri. In ya ƙi, ka juya kamar za ka tafi, kada ka waiga. Duk shi ya koya mini, a tsaye cikin rana, mai doya tana zaginsa da yarensu yana ramawa.

Mun yi faɗa sau ɗaya, faɗa na gaske. Ina wanki a bayan ɗakinmu ina zubar da ruwan a gindin bango, don kwata tana da nisa kuma ga goyo a bayana. Ya yi mini magana, na ce to, na ci gaba. Ginin bulon ƙasa ne aka shafe da siminti. Wata safiya ya kira ni ya nuna mini tsaga ta taso daga ƙasa har kusa da taga.

"Ruwa ya ci gini. Na gaya maka."

Ni kuma ranar yaro ya hana ni barci, sai na ce ai kuɗin haya muke biya, ba a kyauta muke zaune ba. Ya daina ce mini maman yara, ya koma ce mini madam. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na jure na jure, ranar da na kasa sai na dama kunun gyaɗa na kai masa na durƙusa. Ya sha, ya ce sukari ya yi kaɗan. Washegari na tarar ya haƙa 'yar hanya daga wurin wankina zuwa kwata, ya jera duwatsu a ciki. Tsagar dai tana nan, ba a taɓa gyara ta ba.

Ranar da zazzaɓi ya sa ƙaramina ya sandare, maigidana yana Apo, wayarsa ba ta shiga. Ni ban san abin da na yi ba, an ce a tsakar gida na zauna ina kiran sunan uwata. Baba ne ya ɗauke shi ya saɓa a kafaɗa, ya fita cikin ruwan sama ba takalmi. Hanyar unguwarmu in an yi ruwa ko ɗan acaɓa ba ya shiga. Da ƙafa ya kai shi har bakin titi, ina binsa a baya da takalmansa a hannu, ban ma san na ɗauko su ba. Da yaron ya farfaɗo, ma'aikaciyar asibitin da muka kai shi ta tambayi Baba ko jikansa ne. Ya ce, "Ɗan haya ne. Amma bai taɓa biya ba."

Haka kuma lokacin da aka zo aka shafa jan fenti a gidajen layin bayanmu, aka ce rusau na zuwa. Ni na fara ɗaure kaya a zani tun kafin kowa ya ce komai. Ya leƙo ya gani.

"Kwance. In sun zo, ni za su fara ɗauka, ina da nauyi. Ka dafa wa yara abinci."

Ya fitar da turminsa ƙofar gida ya zauna a kai. Rusau bai iso layinmu ba. Ban ce zamansa ne ya hana ba, amma ni dai da na gan shi a wurin na iya hura wuta.

Bara ƙafafunsa suka fara kumbura. Ni na fara lura, don ni nake share tsakar gida, na ga sawunsa ya canja, yana jan ƙafa. Sai na ga ya yanke bayan takalminsa. Sai awakinsa suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga yana raba ƙwayar magani biyu da wuƙar doya, ya sha rabi ya nannaɗe rabi a takarda. Ban tambaye shi ba. Ina dai gani.

Bayan sallar layya ya kira maigidana ya ce zai sayar da gidan. Zai yi magani, abin da ya rage ya koma Paikon Kore ya zauna wurin ƙanensa. Wani ejan, dillalin gidaje, ya fara kawo mutane. Akwai wannan mai motar da ya shigo har ɗakina bai cire takalmi ba, yana auna bango da taku, yana cewa shago huɗu za su fita a nan. 'Yata tana cin abinci a ƙasa ya tsallake ta. Bayan sun tafi tsoro ya kama ni. Haya a Karmo yanzu ba kamar da ba ce, kuma mun saba da nan, makarantar yara tana kusa, ruwa yana gida.

Baba ya sallami ejan ɗin a ranar. Ya ce da mu, "Ku ne farko. Na sa kuɗi. Ku taya."

Kuɗin da ya sa bai yi yawa ba, kowa a layin ya faɗa. Maigidana yana da abin da ya tara, ogansa ya ce zai taimaka, ni kuma adashina ya kusa fitowa, ga keken ɗinkina. In an haɗa duka za mu kusa kaiwa. Maigidana ya ce mu ba shi abin da muke da shi gaba ɗaya a wuce wurin. Ni na hana. Na ce in muka juye komai, ranar da yaro ya sake sandarewa da me za mu fita? In rusau ya zo fa, gidan da ba shi da takardar gwamnati sai ta mai unguwa? Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da na ƙara, kuma shi ne yake hana ni sakewa. Na ce, "Ka taya ƙasa. Ba zai iya jira ba. Na ga yana raba magani."

Maigidana ya dube ni ya daɗe. Sannan ya je ya taya yadda na ce.

Baba ya yi dariya har da tari. "Albarka," in ji shi. Ya ji daɗi, na gani a fuskarsa. Ya ɗauka wasan da ya saba ne aka fara.

Karo na biyu ni na je da kaina, abin da mace ba ta cika yi ba, amma shi bai damu da wannan ba. Na ƙara kaɗan. Na ce kwano yana yoyo ta wajen kicin. Na ce tanki ya tsufa. Na ce ba takarda. Sannan na kai shi bayan ɗaki na nuna masa tsagar bango.

Ya dubi tsagar, ya dube ni. "Wannan wa ya yi shi?"

Na ce, "Ko wa ya yi, Baba, mai saye shi zai gyara."

"Kai. Wa ya koya maka ciniki haka?"

"Kai ne."

"To na koya da kyau." Ya dafa bango ya huta. "Albarka, maman yara. Ƙara."

Ban ƙara ba. Na yi abu na ƙarshe da ya koya mini, na juya kamar zan tafi. Na bar maganar ta kwanta. Na ce da maƙwabciya, a inda zai ji, wai mun ga wani gida a Gwagwa mai sauƙi. Ba mu ga komai ba. Ina kai masa abinci kamar kullum, muna gaisawa, ba wanda yake ta da zancen. Ina jira ya kira ni ya ce dawo. Shi kuma, yanzu da nake tunani, yana jira in waiga ne. Ejan ya dawo sau da yawa da maganar mai mota, Baba yana ce masa akwai ciniki a ƙasa, ba a gama ba. A cikin wannan jiran adashina ya fito. Na ƙulle shi a ƙasan akwati.

A cikin jiran kuma Baba ya faɗi a bakin tanki, aka kai shi Gwagwalada.

Anti ta zo daga Legas. A can ta girma wurin ƙanwar uwarta tun tana ƙarama, addinin uwarta ta bi. Hausarta ta waƙoƙin coci ce da gaisuwa, sauran ta cika da Turanci. Ba ta taɓa sayen ko barkono da Hausa ba. Mace ce mai kirki, ta kwana a ƙasa kusa da gadonsa har ƙarshe.

Na je duba shi da kunu a fulas. Ya rame, sai ciki da ƙafafu. Anti ta ce asibiti suna ta neman kuɗi, ta ji akwai maganar gida tsakaninmu, a ina aka tsaya? Ta ce in faɗa a gabansa yanzu da yake farke.

Ƙarin yana bakina. Tun a mota na shirya shi, na ce yau zan faɗi duka. Amma da na buɗe baki, abin da na taya a bayan ɗaki shi ya fito, ko sisi ban ɗora ba. Ban san me ya riƙe ni ba. Ko kuma na sani: na ga gadon, na ga ledar ruwa a rataye, wani abu a cikina ya ce yau zai sallama.

Baba ya juyo da kai a hankali. Ya miƙo hannu ya kama bakin hijabina. Ya dube ni, ba dariya, ba fushi. Ya ce, "Albarka."

Anti ta fashe da kuka. Ta durƙusa ta riƙe ɗaya hannun tana cewa, "Amin, Dadi. Amin. Ya sa albarka. Kin ji? Ya yarda, ya sa mana albarka." Ita albarka ɗaya ta sani, ta bakin fasto da ta bakin iyaye.

Ni ma na ce amin.

Ya rufe ido. Bayan wannan bai ƙara yin magana da Hausa ba, sai 'yan kalmomi da yarensu da ba a gane ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Da aka watse daga makoki na gaya wa maigidana komai. Yana cin abinci, ya ture kwanon.

"Kin shiga zuciyarsa ne? Mutum yana bakin mutuwa ya kama hijabinki ya ce albarka. Wa ya ce miki ta kasuwa yake nufi?"

Na ce, "Tayi na yi masa. Amsar tayi ya ba ni."

"Da can yana kama miki hijabi in zai ƙi?"

"A'a."

"To."

Na ce amma bai ce ya sallama ba, kuma Baba ba ya barin ciniki a buɗe in ya gama da shi. Maigidana ya ce lokacin da ya ce a ba tsohon duka ni na hana, yanzu kuma da Allah ya kawo sauƙi ni zan mayar da yara titi. Ya ce in zaɓi ɗaya, ko wayo ko tsoron Allah, in daina ɗaukar kowanne a lokacin da bai dace ba. Har yau akwai ranar da nake cewa wataƙila shi ne da gaskiya, wataƙila Baba ya haɗa biyun ne a kalma ɗaya don ya san zan gane. Amma wataƙila ba ta isa a gina gida a kanta ba.

Ana gobe za a je wurin mai unguwa a rubuta takarda, Anti tana ɗakin Baba tana haɗa kayansa da hantsi. Ƙanen Baba ya zo daga ƙauye, yana zaune a bakin ƙofa yana jiran buhunan da zai tafi da su. Maigidana ya tafi aiki. Na yi sallama na shiga na durƙusa.

Na ce, "Anti, akwai magana a kan abin da Baba ya faɗa a asibiti."

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na ce a ciniki, in an taya maka kaya ka ce albarka, ba ka yarda ba ke nan. Na ce sau biyu ya gaya mana haka a gidan nan a kan kuɗin. Na ce akwai ƙari a wurinmu, tun a lokacin akwai, ga shi na zo da maganarsa.

Ba ta gane ba da farko. Ta kira kawunta, ƙanen Baba, ta tambaye shi da Turanci, ya amsa mata da yarensu, sannan ya ce da Hausa don ni ma in ji, "Haka ne. A kasuwa albarka a'a ce. Ni an ce mini ya yarda ne kawai, ba a gaya mini kalmar ba."

Ta zauna a bakin gadon da rigarsa a hannu. Na zaci kuɗin za ta fara tambaya, ko ta ce a kira ejan. Na shirya wa wannan. Abin da ta ce ban shirya masa ba.

"Tun ina yarinya ban zauna da shi ba. Ban bi addininsa ba. Kullum ina tunani ko yana fushi da ni a ciki." Ta tsaya tana neman Hausar. "Ranar nan ina riƙe da hannunsa ya ce albarka. Na ce shi ke nan, Dadi ya tafi da albarka a baki, ni ma ina ciki. Na gaya wa 'ya'yana a waya. Yanzu kina ce mini farashi yake yi."

Na ce, "Anti, wataƙila duka biyun..."

"Kada ki gyara. Kin riga kin faɗa." Ta ninke rigar ta sa a buhu. "Da kin bar mini."

Kawun ya ce to yanzu sai a sake zama, maman yara ta ce akwai ƙari, ga kuma mai mota. Ta girgiza kai. Ta ce ta tsaya a bakin kabari ta gaya wa dangi ubanta ya yarda, ba za ta koma ta ce musu ba ta jin Hausar da ubanta ya yi bankwana da ita ba. Mai mota kuma ba zai rushe ɗakin da uwarta ta zauna ba. A kan abin da aka faɗa a asibiti za a rubuta.

Na ce ta karɓi ƙarin, don Allah, ko a yi masa sadaka da shi.

"Lokacin da zai yi masa amfani yana ina?"

Ba da faɗa ta tambaya ba. Ta jira kamar da gaske tana so ta sani. Na ce yana ƙasan akwati.

Ta juya wurin kawunta. "In mutum ya yarda, me yake cewa?"

"Na sallama."

Ta miƙe, ta dube ni, karo na farko tun da na fara magana. Ta ce, "Na sallame ki."

Kawun ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya dubi fuskarta ya fasa. Ni ma ban tambaya ba ko kuskure ne. Na tashi na fita, kamar yadda ake yi in an sallami mutum.

An rubuta takarda, gidan ya zama namu. Anti ta koma Legas, in na kira ta takan ɗauka, ta tambayi yara, ta ce tana aiki. Yara suna kwana a inda suka saba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji sanyi a raina ba in na dube su.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya yi wa Baba addu'a. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da abin da ya yi wa 'ya'yan da ba nasa ba. Allah ya ba 'yarsa haƙuri, ya mayar mata da abin da na karɓe mata. Ni kuma in an tashi yi mini, a roƙa mini Allah ya sa ranar da za mu haɗu da Baba ya saurare ni, in faɗa masa sauran.